Yadda ake zaɓar tsarin binciken cuta da gudanar da shi a ƙauyukan Jazira da Sinnar na ƙasar Sudan

Yawancin binciken lafiya da ke lalacewa tun ranar farko yake lalacewa, ranar da aka buga istimara, wato takardar tambayoyi, mai tambaya sittin alhali ba a san amsar me ake nema ba. Ɗalibin likitanci a Wad Madani, ko jami'in lafiya da aka tura Mai Wurno, ko ma'aikaciyar wata ƙungiya a kambo, wato matsugunin 'yan ƙwadagon gona, duk abin da ya kamata su fara yi ɗaya ne: su rubuta tambayarsu a jimla guda, jimlar ta nuna su wa za a bincika, wace cuta, me ake zargi, kuma da su wa za a kwatanta. "Bincike kan tsargiya a Jazira" take ne, bai kai tambaya ba. "Cikin yara 'yan shekara 6 zuwa 15 a ƙauyukan nan goma sha biyu, kashi nawa ke ɗauke da ƙwan tsargiya a fitsari a watan nan?" ita ce tambaya, kuma da kanta ta faɗa maka tsarin da za ka bi.

Idan tambayar ta "nawa ne" ce, binciken lokaci ɗaya za ka yi, wato ka ɗauki hoton al'umma a rana ko mako guda. Idan cuta ta riga ta ɓarke kana son sanin me ya kayar da waɗannan ya bar waɗancan, binciken waiwaye ne: ka samo marasa lafiya, ka samo takwarorinsu masu lafiya, ka tambayi abin da ya wuce. Idan kana son ganin wa zai kamu nan gaba, binciken bibiya ne. Idan kuwa magani ko wata dabara kake son sanin ko tana aiki, sai gwajin ƙuri'a, ko abin da ya fi kusa da shi in ƙuri'ar ba za ta yiwu ba. A dukkansu, ban da na farkon, ƙarfin binciken yana rataye ne a wuyan mutanen da ka zaɓa don kwatanci.

Binciken lokaci ɗaya: ƙirga masu tsargiya

Tun da aka kammala madatsar Sinnar a 1925 ruwan tur'a, wato magudanar ban ruwa, ya zama abokin zaman mutanen Jazira, kuma katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ta samu gida a ƙananan magudanai masu ciyawa irin su Abu Ishirin, inda ruwa ke tafiya a hankali. Iri biyu na cutar duka akwai su a yankin, ta fitsari da ta hanji, don haka ka yanke tun farko wacce kake nema, domin kayan aikinsu daban ne.

Fara da jerin mutanen da za ka zaɓo samfur daga cikinsu. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Sudan a 2008 aka yi ta, kuma yaƙin da ya fara a Afrilun 2023 ya kwashe mutane daga wani gari ya jibge a wani. Duk alƙaluman da ka samu a ofis ka ɗauke su a matsayin tsohon zance. Zauna da shaihun gari, da limamai, da masu rabon tallafi, a fitar da ƙiyasin gidaje na yau ƙauye-ƙauye. Ka tambaya da bakinka ko an sa kambo a lissafin. Sau da yawa ba a sa shi, alhali mazaunansa su ne masu aikin hawasha, wato gonar ban ruwa, da ƙafa cikin ruwa, kuma su suka fi sha da wanka a tur'a. Bincike da ya tsallake su zai nuna cutar ba ta kai yadda take ba.

Sai yawan samfur. Ƙa'idar ita ce: 1.96 sau 1.96, sau kason da kake tsammani, sau abin da ya rage ya cika ɗaya, a raba da kuskuren da ka yarda da shi sau kansa. In ba ka da masaniya kan kason, sa 0.5, domin shi ke ba da adadi mafi girma. Da kuskuren 0.05 lissafin zai ba ka 384. Wannan adadin na wanda zai zaɓi yara ɗaɗɗaya ne daga dukkan yankin, abin da kusan ba wanda ke iyawa. Kai makaranta-makaranta ko ƙauye-ƙauye za ka ɗauka, kuma yaran ƙauye ɗaya tur'a ɗaya suke iyo, saboda haka suna kama da juna, yaro na talatin ba ya ƙara maka sabon labari kamar na farko. Ana gyara wannan ta ninka 384 ɗin da ninkin tsari: ɗaya, a haɗa da yawan yaran gungu (waɗanda aka ɗauka a wuri ɗaya) ban da ɗaya sau ma'aunin kamanninsu. A ce ma'aunin 0.05 ne. In ka ɗauki yara 30 a kowace makaranta, ninkin 2.45 ne, kana bukatar yara wajen 941. In ka ɗauki 15 kawai, ninkin 1.7 ne, yara 653 a makarantu 44 sun isa. Wato yawaita wuraren da kake zuwa ya fi cika mota da kwalaben wuri ɗaya, ko da yake man fetur zai fi ci. Bayan haka raba adadin da 0.9 don cike gurbin waɗanda za su ƙi ko ba za a same su ba.

Wajen zaɓar ƙauyuka, jera su da yawan mutanensu, kana tarawa daga sama zuwa ƙasa. A ce jimlar 24,000 ce kuma gungu 30 kake so, tazarar 800 ke nan. Ciro lamba ɗaya ta ƙuri'a tsakanin 1 da 800, a ce 315. Gungu na farko yana ƙauyen da mutum na 315 ya faɗa, na biyu inda na 1,115 ya faɗa, haka har talatin. Babban gari zai iya samun gungu biyu ko uku, hakan daidai ne. Abin da ba daidai ba shi ne a cire ƙauye don hanyarsa ta yi laka a damina a musanya shi da na bakin kwalta. In dole ta sa ba a je ba, a rubuta cewa ba a je ba, da dalili.

Makarantar gwamnati ita ce wuri mafi sauƙin tara yara, amma ba duk yara ke can ba. Almajiran khalwa, da yaran da ke kiwo ko ɗiban ruwa a kan jaki, da 'yan matan da aka cire daga aji, su suka fi taɓa ruwa. Ko dai ka shigar da su ta hanyar bi gida-gida, ko ka rubuta a taken rahotonka cewa na 'yan makaranta ne kawai. A cikin aji kuma kada ka bar malami ya zaɓo maka, domin ko dai masu tsabta zai turo don kare sunan makaranta, ko ya turo ramammu don su samu magani. Karɓi rajista, ka ɗauki kowane yaro na uku ko na huɗu daga lambar da ƙuri'a ta ba ka.

Fitsari ana karɓarsa tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwai suka fi fita, kuma a ce wa yaro ya tabbata ɗigon ƙarshe ya shiga kwalbar. A girgiza, a ja mililita 10 da sirinji, a tura ta matata, a ɗora matatar a gilashi da ɗigon aidin, a ƙirga ƙwai. Ƙwai 50 ko fiye a mililita 10 kamuwa ce mai nauyi. Ga ta hanji ana amfani da dabarar Kato-Katz: farantin awo yana ɗaukar miligiram 41.7 na bayan gida, abin da aka ƙirga a ninka da 24 a samu ƙwai a giram ɗaya, 400 zuwa sama mai nauyi ce. Gilashi ɗaya yana kuskuren kamuwa marar nauyi, don haka a yi biyu daga kowane samfur. A ware kashi 10 cikin ɗari na gilasan wani gwani ya sake karantawa ba tare da ya ga sakamakon farko ba. In sun saɓa da yawa, a tsaya a sake horo kafin a ci gaba, kada a jira ƙarshen aiki.

Tambayar "kana fitsarin jini?" tana da amfani amma ba ta isa ba. A wasu wuraren ana ɗaukar jinin a matsayin alamar balagar namiji, yaro ba ya ganinsa cuta, yarinya kuwa kunya ba za ta bar ta ta faɗa wa namiji ba. Mace ta tambayi mata, kuma a keɓe. Duk wanda aka samu da ƙwai a ba shi firazikwantel, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyinsa, bayan ya ci abinci. A sa kuɗin maganin a kasafi tun farko, domin karɓar fitsarin yara a tafi ba a dawo ba shi ne ke rufe ƙofar gari ga duk wanda zai zo bayanka.

Iyakar wannan tsari ita ce ba ya nuna wanne ya riga wanne. Kana iya samun cewa yaran da ba sa shiga tur'a sun fi masu shiga ciwo, ka rikice, alhali iyaye ne suka hana su bayan sun ga jinin.

Binciken waiwaye: idan kwalara ta ɓarke

Nan ne gaggawa take, kuma nan aka fi yin kuskure. A 1854 John Snow ya bi gidajen da kwalara ta yi kisa a wata unguwar Landan, ya ga sun kewaye famfo ɗaya na titin Broad, aka cire hannun famfon. A 1950 Doll da Hill suka kwatanta masu kansar huhu da wasu majinyata a asibitocin Landan, suka nuna alaƙar ciwon da sigari. Tsarin bai canja ba: ka fara daga cutar ka koma baya.

Da farko rubuta wa ake kira mai cutar. A inda aka riga aka tabbatar da ɓarkewar, shi ne duk wanda ya yi gudawa mai ruwa-ruwa sau uku ko fiye cikin awa 24. Ƙara masa wuri da lokaci: mazaunin unguwa kaza, daga ranar kaza. Aika samfurin bayan gida na mutanen farko a cikin Cary-Blair, sinadarin da ke adana samfur har ya isa ɗakin gwaji, don tabbatarwa. Buɗe jeri, kowane majinyaci layi ɗaya: shekaru, jinsi, unguwa, ranar da gudawar ta fara, da yadda ya ƙare. Ranar farawa ake so, ba ranar zuwa asibiti ba. Zana yawan masu kamuwa rana-rana. In zanen ya yi tsini ɗaya ya sauka cikin kwana biyar, zargi abu guda da aka ci ko aka sha tare. In ya ci gaba da hawa da sauka, gurɓatar tana nan ba ta tsaya ba.

Kafin ka rubuta istimara, zauna da majinyata biyar zuwa goma ko masu jinyarsu ka bar su su yi magana. A nan za ka ji abin da ba ya cikin littafi: famfon unguwa ya ɗauke kwana uku aka koma sayen ruwan karo, wato na amalanken da ke tallar ruwa a ganga, ko an yi zaman makoki an wanke gawa an ci abinci a kwano ɗaya, ko ana sayen ƙanƙara daga wuri guda. Istimarar ta fito daga waɗannan, kada ta wuce shafi biyu.

Sai zaɓar takwarori, wanda shi ne zuciyar aikin. Takwara shi ne mutumin da, da ya kamu, da ya shigo jerinka ta hanyar da majinyacin ya shigo. Idan ka ɗauko su daga ɗakin masu karaya a babban asibiti, ka ɗauko mutanen da suka zo daga garuruwa masu nisa da ruwa daban, kuma masu kuɗin hawa raksha, wato keke mai ƙafa uku. Idan ka ɗauko su daga gidan majinyacin, randa ɗaya suke sha, saboda haka ruwan ba zai taɓa fitowa a matsayin mai laifi ba ko da shi ne. Maƙwabci na kusa-nesa ya fi. Kafa doka kafin a fita: daga ƙofar majinyaci a juya dama, a tsallake gida biyu, a shiga na uku, a nemi mai jinsi ɗaya da shekarun da ba su wuce biyar sama ko ƙasa ba, wanda bai yi gudawa ba tun farkon ɓarkewar. In ba ya nan a dawo da yamma. Ɗaukar wanda aka tarar a gida da hantsi yana cika samfur da tsofaffi da marasa fita, waɗanda ba sa cin abincin kasuwa, sai abincin kasuwa ya bayyana da laifin da ba nasa ba.

Takwara biyu ga kowane majinyaci ya wadatar a mafi yawan lokuta. Bayan huɗu ƙarin ba ya biyan wahalarsa. Game da adadi, in kashi 30 cikin ɗari na masu lafiya suna shan ruwan da kake zargi, kuma kana son gano ko ruwan yana ninka yiwuwar kamuwa sau uku, wajen mutum 55 a kowane ɓangare sun isa. In ninki biyu kake son kamawa, sai wajen 141. Manhajojin OpenEpi da Epi Info suna yin wannan lissafin kyauta.

Kwalara tana bayyana daga awanni kaɗan zuwa kwana biyar bayan shigarta jiki, don haka tambaya ta tsaya kan kwana biyar kafin ciwon, kuma takwara a tambaye shi kwanakin nan dai na majinyacinsa. A ɗaura tambayar da abin da mutum zai tuna. Maimakon "wane ruwa kuke sha?", wadda za a amsa da abin da aka saba, a ce: "Inna, daga Juma'ar nan zuwa ranar da Malam ya kwanta, wa ya cika randar nan, kuma daga ina?" Sannan a roƙi izinin ganin randar: tana da murfi ko babu, moɗar a ƙasa take ko a rataye, akwai sabulu a wurin wanke hannu. Gani ya kori ji. Mai ciwo ya kwana yana tunanin abin da ya ci, mai lafiya bai yi ba, don haka mai tambaya ya karanta wa kowa jerin abubuwan ɗaya bayan ɗaya da murya ɗaya, kada ya matsa wa majinyaci ya wuce takwara da sauri.

Hausar Mai Wurno da ta ƙauyukan Jazira ta sha Larabci, kuma kalma ɗaya tana iya nufin abu biyu. Wani in ya ce malariya kowane zazzaɓi yake nufi. A fassara istimarar, wani dabam ya mayar da ita harshen asali ba tare da ya ga na farkon ba, a gwada ta a kan mutum ashirin da ba sa cikin samfur, a gyara.

Ga yadda lissafin yake. A ce majinyata 60 ne, 42 sun sha ruwan karo, 18 ba su sha ba. Takwarori 120, 48 sun sha, 72 ba su sha ba. Ninkin yiwuwa shi ne 42 sau 72 a raba da 18 sau 48, wato 3.5, da tazarar amincewa, wato iyakar da ake sa ran ainihin ninkin yana ciki, daga kusan 1.8 zuwa 6.8. Tun da tazarar ba ta haɗa da 1 ba, wanda ke nufin babu alaƙa, da wuya a ce dace ne kawai. Amma in ka haɗa kowane majinyaci da maƙwabtansa ne, lissafin ƙarshe dole ya kiyaye wannan haɗin, domin zuba su a tebur ɗaya kamar haka yakan rage ninkin. Haka kuma yawancin waɗanda ƙwayar kwalara ta shiga ba sa nuna alama, wasu takwarorinka suna ɗauke da ita, wannan ma yana ja da ninkin ƙasa.

Kada ka tsaya a 3.5 ka ɗaura wa masu karo laifi. Mai yiwuwa gidajen da ke sayen ruwan karo su ne kuma marasa masai. Raba mutanen gida biyu, masu masai da marasa shi, ka sake lissafin a kowane ɓangare, ka haɗa sakamakon biyun su zama ninki ɗaya da dabarar lissafi ta Mantel-Haenszel. In sabon ninkin ya bambanta da na farko da fiye da kashi 10 cikin ɗari, masai ya shiga tsakani, gyararren za ka bayar. Ka kuma bi karon zuwa inda yake ɗiba, domin sau da yawa matsalar tana mashayar, ba a ganga ba. Duk wannan ana yin sa ne yayin da ake zuba kulorin ana raba ruwan gishiri da sukari. Ba a jiran tebur kafin a ceci rai.

Binciken bibiya

Shi ne ya fi nuna abin da ya riga wani, shi ne kuma ya fi cin kuɗi. Na garin Framingham a Amurka ya fara a 1948 da mutum 5,209. Kai wanda za ka iya shi ne gajere. In an yi walimar aure mutane suka kwanta, kuma akwai jerin waɗanda suka halarta, tambayi kowa abin da ya ci: a ce 80 sun ci salatin, 32 suka kamu, kashi 40 ke nan, 40 ba su ci ba, 4 suka kamu, kashi 10, ninkin haɗari 4. Ko kuma ka yi wa yara maganin tsargiya, ka tabbatar sun warke, ka sake gwada su bayan wata shida da shekara don ganin sabuwar kamuwa. Abin da ke kashe irin wannan a yankinmu tafiya ce: lokacin yankan riɗi mutane suna wucewa Gadarif, wasu suna komawa garuruwan da suka baro. Karɓi lambar waya biyu da sunan maƙwabci tun ranar farko, ka lissafa da watannin da kowa ya yi a hannunka, kuma in waɗanda suka ɓace sun haura kashi 20 cikin ɗari, ka nuna yadda suka bambanta da waɗanda suka tsaya.

Gwajin ƙuri'a

A gwajin sitireftomaisin kan tarin fuka da aka wallafa a Ingila a 1948, lambobin ƙuri'a a rufaffun ambulan ne suka raba majinyata, ba likita ba. Hikimar ita ce ƙuri'a tana daidaita ɓangarorin biyu har a abubuwan da ba ka san da su ba. "Masu zuwa Asabar su sha sabo, masu zuwa Lahadi su sha tsoho" ba ƙuri'a ba ce, domin ma'aikaci ya san na gaba, zai iya cewa ɗan'uwansa ya dawo gobe. Wani da ba ya ganin majinyata ya fitar da jerin a kwamfuta, a sa a ambulan masu lamba waɗanda haske ba ya ratsa su, a buɗe bayan an rubuta sunan mutum.

Abin da ake yi wa gari gaba ɗaya, kamar share magudana ko gyaran mashaya, ƙauyuka ake jefa wa ƙuri'a. A yi ta a bainar jama'a, shugabanni su ciro takardu daga ƙwarya da hannunsu, wannan yana kashe zargin son kai. Ƙauye ɗaya da ƙauye ɗaya ba gwaji ba ne ko da mutum dubu ne a kowanne. Da uku-uku ma babu yadda sakamako zai kai ƙa'idar 0.05, wato mizanin da ake cewa da wuya bambancin ya zama dace, in an lissafa a matakin ƙauye ta hanyar gwada duk hanyoyin da ƙuri'ar za ta iya raba ƙauyukan. Huɗu-huɗu ne mafi ƙaranci, kuma a aikace ana son fiye da haka nesa. A bar tazara tsakaninsu, domin ƙauyuka biyu da ke kan tur'a ɗaya ko kasuwa ɗaya za su raba amfanin. In kowa zai samu abin a ƙarshe amma ba a iya kai shi lokaci ɗaya, a jefa ƙuri'a kan wa zai fara, kamar yadda aka yi da rigakafin ciwon hanta a Gambiya daga 1986. Wajen lissafi kowa ya zauna a ɓangaren da ƙuri'a ta sa shi ko da bai yi amfani da abin ba.

Babu ɗayan waɗannan da ake farawa ba tare da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike da izinin Ma'aikatar Lafiya ta jiha ba. Yardar Sarki ko shaihu tana buɗe ƙofar gari, amma ba ta maye gurbin yardar mutum shi kansa. A karanta masa takardar da harshen da yake ji, marar karatu ya dangwala yatsa gaban shaida, yaro kuma a nemi yardar iyayensa da tasa.

Auna shirin da aka riga aka fara

Ƙungiya ta raba gidan sauro a Nuwamba, ta auna a Maris, ta ce zazzaɓin cizon sauro ya ragu da rabi. Da ba a raba komai ba ma da ya ragu, domin cutar tana hawa ne a ƙarshen damina ta sauka da rani. Kwatanci sai wata da irinsa: Oktoba da Oktoba. Tarko na biyu, ana kai shiri ne inda cuta ta fi ƙamari a bara, kuma wurin da ya yi tsanani fiye da kima yakan sauko da kansa a shekara mai zuwa. Maganin duka biyun shi ne ƙauyukan kwatanci da aka auna lokaci ɗaya da kayan aiki ɗaya. A ce inda aka yi shirin an sauka daga kashi 40 zuwa 22, inda ba a yi ba daga 38 zuwa 30. Na farko ya ragu da 18, na biyu da 8, abin da za a iya jingina wa shirin 10 ne. Wannan yana tsayawa ne in wuraren biyu suna tafiya tare kafin shirin, don haka a duba alƙaluman shekarun baya na kowanne.

In rajistar asibitin ƙauye kawai gare ka, ciro adadin wata-wata na aƙalla shekara biyu kafin shirin da shekara ɗaya bayansa, ka zana. Kafin ka yarda da kowane kwari a zanen, tambayi mai ɗakin gwaji ko kayan gwaji ne suka ƙare a watan, ko an rufe wurin, ko ma'aikacin ya yi tafiya. Sifili a rajista yakan nufin ba a gwada ba. Hawa kuma yakan nufin 'yan gudun hijira sun ƙaru, don haka a raba adadin da yawan mutanen lokacin, ko a duba kason waɗanda gwajinsu ya nuna cutar.

Ka kuma auna ko shirin ya isa hannun mutane kafin ka yanke cewa bai yi aiki ba. Kada ka tambayi uwar gida ko tana sa ƙwayar kulorin, za ta ce e don ta ga rigar ƙungiya a jikinka. Ka zo ba tare da sanarwa ba, ka roƙi kofin ruwa daga randar da yara ke sha, ka sa ƙwayar gwaji, ka duba launin da katin awo. Ana son ragowar kulorin ta kai miligiram 0.5 a lita bayan minti 30 da zubawa, kuma kada ta gaza 0.2 a ruwan da ya kwana a gida. In ruwan yana da laka kamar na tur'a a damina, sai an bar shi ya kwanta an tace, ko a ninka ƙwayar, kuma wannan ma a rubuta shi a layin gidan, tare da awar da aka ɗebo ruwan.